Bayeux ko Caen: Inda Iyali Za Su Sauke Kaya a Gaɓar Normandi

Wanda ya dubi taswirar arewacin Faransa zai iya ɗauka cewa inda sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944 wuri guda ne, a je a gani a wuce. Alhali gaɓar teku ce mai tsawon kimanin kilomita 80, wadda aka kasa gida biyar da sunayen sirri na soja: Utah da Omaha na Amurkawa daga yamma, Gold da Sword na Birtaniya, sai Juno ta Kanada a tsakaninsu. Kimanin sojoji 156,000 ne suka taka ƙasar Normandi a wannan yini ɗaya, wasu ta ruwa, wasu ta sama. Abin da suka bari a yau, maƙabartu da gidajen tarihi da ramukan bama-bamai da ɗakunan kankare na Jamusawa, a warwatse yake cikin ƙauyuka da gonaki, kuma motocin haya da ke bin waɗannan hanyoyi ba su da yawa. Don haka mai niyyar kai iyalinsa can, kafin ya tambayi abin da za su gani, dole ya fara yanke inda za su kwana.

Wannan tambaya ta ci wa wani gida a Leicester ta Ingila kusan mako uku. Maigidan likita ne ɗan Zariya, uwargidan tana koyar da lissafi, 'ya'yansu uku: babbar tana da shekara 15, mai bi mata 11, auta 5. Ta shida a tafiyar ita ce mahaifiyar likitan, Hajiya, wadda ta zo daga gida ganin jikoki, da shekara saba'in da 'yan kai da gwiwar da ba ta son bene. Babbar yarinyar ce ta kawo maganar, domin a makaranta ana koya musu Yaƙin Duniya na Biyu. Hajiya kuwa da ta ji an ce yaƙin Hitila sai ta gyara zama, saboda mahaifinta na cikin waɗanda aka kwasa zuwa Bama. Ba su da damar jan ƙafa: Hajiya na bukatar bizar shiga Faransa daban da ta Ingila, kuma shaidar masauki na cikin takardun da ake nema.

Likita ya tsaya a kan Bayeux, ƙaramin gari mai mutane kimanin 13,000, wanda Faransawa ke furta sunansa kusan kamar "Bayo". Hujjarsa ta taswira ce. Daga nan zuwa Arromanches, inda har yanzu ake ganin ragowar tashar jiragen ruwa da aka ƙera a Ingila aka jawo ta gutsure-gutsure ta kan teku, kilomita goma ne. Manyan igwogin Jamusawa na Longues-sur-Mer, waɗanda ke nan a mazauninsu suna fuskantar ruwa, ba su kai wannan nisa ba. Omaha da maƙabartar Amurkawa ta Colleville-sur-Mer tafiyar ƙasa da rabin awa ce. A cikin garin kansa akwai maƙabartar sojojin Birtaniya da ƙasashen rainonta mafi girma a Faransa daga wannan yaƙi, mai kaburbura fiye da dubu huɗu, wadda ake iya zuwa da ƙafa.

Uwargida ba ta musa ko ɗaya ba. Ita tambayarta dabam ce: "Malam, idan mun dawo da yamma, me za mu ci?" Zaɓinta Caen, babban birnin yankin mai mutane fiye da dubu ɗari, kilomita 30 gabas da Bayeux. Can akwai mahauta masu yankan Musulunci, akwai manyan kantuna, akwai masallaci a Hérouville-Saint-Clair da ke manne da birnin, akwai babban asibiti idan gwiwar Hajiya ko cikin auta ya kawo cikas. Jirgin ruwan da ke tasowa daga Portsmouth kuma a Ouistreham yake sauke fasinja, kilomita 15 kacal daga Caen. Wanda bai taɓa yawo da yara a ƙauyukan Faransa ba zai raina wannan damuwa. Gidajen abinci a can suna ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, su rufe ɗakin girki sai wajen bakwai na yamma. Yaron da yunwa ta kama da ƙarfe huɗu sai dai biredi. Girkin Normandi kuma kan zo da naman alade ko giyar tuffa a inda baƙo bai zata ba, har a cikin miyar da aka zuba wa kifi.

Akwai wasu shawarwari biyu da ba su daɗe a kan tebur ba. Ɗaya ita ce a sauka a ƙauyen bakin teku kamar Arromanches ko Port-en-Bessin, a farka ana jin igiyar ruwa. Kyan gani dai akwai, amma matsalar abinci ta ninku. Ɗayar ita ce a raba kwanakin, biyu nan biyu can, ana bin gaɓar daga gabas zuwa yamma. Hajiya ce ta kashe wannan da kalma kaɗan. Ba ta kiran ɗan nata da sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce, "Likita, ni ziyara na zo, ban zo ƙaura ba."

Abin da babu wanda ya ambata da farko, kuma shi ne ya fi nauyi, shi ne cewa garuruwan biyu ba labari ɗaya suke ba baƙo ba. Sojojin Birtaniya sun shiga Bayeux ranar 7 ga Yuni, kwana ɗaya da sauka, kusan ba tare da faɗa ba. Garin ya tsira da tsohuwar majami'arsa da lungunansa da gidajensa na dutse da katako, kuma a nan Janar de Gaulle ya yi jawabi ga jama'a ranar 14 ga Yuni. Yaron da ya wuni yana kallon jerin fararen kaburbura, ya dawo da yamma garin da furanni ke rataye a tagogi, zai iya tafiya da tunanin cewa yaƙin abu ne da ya faru tsakanin sojoji a kan yashi, masu gari suna gefe suna tafi. Caen ba ta barin mutum ya yi wannan zato. An tsara kama ta a ranar farko, amma sai da aka kwashe kimanin mako shida kafin ta faɗa hannun ƙawance gaba ɗaya, kuma kafin nan an rushe mafi yawanta, galibi da bama-baman waɗanda suka zo 'yantar da ita. Fararen hula kimanin dubu ashirin ne suka mutu a Normandi a wannan gumurzu. Faffaɗan tituna da gine-gine masu kama da juna da ake gani a tsakiyar Caen shaidar hakan ce: birni ne da aka sake ginawa, aikin da ya ci fiye da shekara goma. Gidan tarihinta, Mémorial de Caen, da aka buɗe a 1988, ya fara labarin ne tun daga yadda aka zame cikin yaƙin, ba daga ranar nasara ba. Iyalin da suka sauka a Bayeux suka ƙi leƙa Caen sun sami sauƙi, amma rabin zance suka ji.

A ƙarshe taswirar likita ce ta yi rinjaye, bisa sharuɗɗan uwargida. Sun kama gidan haya a bayan garin Bayeux na kwana biyar, mai ɗakin girki da ɗakin kwana ɗaya a ƙasa saboda Hajiya. Ranar isowa, daga tashar jirgin ruwa suka fara biyawa ta Caen, aka cika bayan mota da nama da kaji da shinkafa. Yaji da daddawa da kuka kuwa tun daga Leicester suke cikin jaka. Juma'a aka ware ta ga Caen sukutum: gidan tarihi da safe, masallaci da rana. Zaɓin yana da farashi. Gidajen Bayeux sun fi tsada a lokacin bazara, a farkon Yuni kuwa, lokacin bukukuwan tunawa, sai wanda ya kama tun watanni kafin nan. Ɓangaren gabas ma ya sha ƙwara: gadar Pegasus, da sojojin Birtaniya suka ƙwace cikin daren da ya gabaci saukar, minti ashirin kawai ta samu a kan hanyar komawa jirgi.

Amfanin kusanci ya bayyana ne a yadda yini ya rabu biyu. Suna fita da safe wuri ɗaya, su dawo gida a ci abinci, Hajiya da auta su kwanta, sauran su sake fita da la'asar. A tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a Normandi sai wajen goma na dare, don haka lokaci ba ya ƙaranci. Wahalar tana ga mai jiran Isha'i. Sun kuma koyi duba jadawalin cika da janyewar teku, domin Omaha idan ruwa ya cika siririn yashi ce kawai. Sai ya janye ake ganin ɗaruruwan mitoci na fili fetal da mutum zai keta a guje, ana harbinsa daga kan tudu. A Colleville kaburbura fiye da 9,300 ne. Mai shekara 11 ya fara ƙirga su da wasa, ya bari da kansa. Auta ya fara kuka tun kafin a kai rabi, kuma da masaukin na da nisan awa guda, da ranar ta lalace a nan. A La Cambe, inda Jamusawa fiye da 21,000 ke kwance ƙarƙashin duwatsu masu duhu, Hajiya ta sa jikarta ta karanta mata shekarun haihuwa da na mutuwa, ta yi ta lissafi da yatsu. Da yawa ba su kai ashirin ba.

Tafiya mafi tsawo ita ce ta Utah, kusan awa guda daga Bayeux. Daga Caen da sai an ƙara rabin awa a kowace fuska. A can ne Hajiya ta yi tambayar da take riƙe da ita tun farko: "To ina namu?" Amsar ba mai daɗi ba ce. Sojojin Najeriya, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Bama aka kai su. Sojojin Afirka na Faransa kuwa a kudu suka sauka, a Provence, cikin Agustan 1944. Abin da ya fi kusa da gida a wannan gaɓa shi ne dutsen tunawa da Janar Leclerc a Saint-Martin-de-Varreville, inda rundunarsa ta tankoki ta sauka ranar 1 ga Agusta. Asalin wannan runduna daga Chadi ne: daga can Leclerc ya tashi da 'yan ɗaruruwan sojoji, mafi yawansu 'yan Afirka, ya keta hamada ya ƙwace Kufra a Libiya a 1941. Amma kafin rundunar ta taho Turai an cire baƙaƙen sojojin daga cikinta.

Hajiya ba ta ce komai ba a mota. Sai da daddare, bayan an ci tuwon shinkafa da miyar kuka a teburin ɗakin girki, ta fara ba da labarin mahaifinta: yadda ya dawo a rame, yadda ya ƙi cin shinkafa shekara da shekaru, yadda yake tashi tsakar dare idan an yi tsawa. Likita bai taɓa jin na tsawar ba. Babbar yarinyar ta ɗauko littafin da ta tanada don aikin makaranta, ta tambayi kakarta yadda ake rubuta cikakken sunansa, da shekarar da ya dawo. Hajiya ba ta riƙe shekarar ba, amma ta ce akwai yayanta a Tudun Wada da zai sani, a kira shi da safe kafin a fita.