Malamin da Ya Ƙi Yarda da Rantsuwar Banki

A farkon shekarun 1990, idan kuɗinka suka yi ɓatan dabo daga asusu a Ingila, amsa ɗaya ke jiranka a banki: injinmu ba ya kuskure, ko kai ka cire, ko ka ba wani lambarka ta sirri. Wani ɗan sanda ya kai irin wannan koke a 1992, sai reshe ya juye da mujiya. Aka gurfanar da shi, kotu ta same shi da laifin yunƙurin zamba a 1994. Sai a 1996 ya wanke kansa a ɗaukaka ƙara, bayan bankin ya ƙi bari masana su bincika kwamfutocinsa. Cikin waɗanda suka tsaya masa akwai Ross Anderson.

Anderson ɗan Sikotilan ne, haihuwar 1956. Lissafi ya karanta a Cambridge, ya fita ya yi shekaru yana aiki, har da yi wa bankuna hidima, kafin ya dawo jami'ar a 1992 ya yi digirin digirgir a hannun Roger Needham. Wato ya san cikin ɗakin, ya san inda yake yoyo.

A zamanin, masana tsaron kwamfuta sun fi ba da ƙarfi ga lissafin ɓoye saƙo, suna ganin in kwaɗon ya yi ƙarfi, ɓarawo ya gama. Shi kuwa a wata maƙala ta 1993 ya nuna cewa ɓarayin ATM ba sa wahalar da kansu da fasa lissafi. Ma'aikaci marar amana, kuskuren manhaja da sakaci sun ishe su. A 2001 ya ƙara zurfafawa, kuma a ganina nan ne gudunmawarsa mafi girma: ya ce a duba wa ke ɗaukar asara. A Amurka doka ta ɗora wa banki nauyin kawo hujja, sai bankuna suka tsare na'urorinsu. A Ingila kuwa, a lokacin, nauyin yana kan mai asusu, sai suka miƙe ƙafa. Duk wanda alat ya taɓa shigo masa a gaban ATM a Kano ko Kaduna, kuɗi bai fito ba, aka ce ya cike fom ya jira, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Bai zama ɗan gaban goshin bankuna ba. A 2010 shi da abokan bincikensa suka nuna yadda za a yi sayayya da katin sata ba tare da sanin lambar sirrin ba. A ƙarshen shekarar ƙungiyar masu bayar da katunan banki ta Birtaniya ta nemi jami'ar ta sauke kundin wani ɗalibi da ya yi aiki kan wannan ɓaraka. Anderson ya ce atafau, kundin ya zauna.

Ya rasu ranar 28 ga Maris, 2024, yana da shekara 67, yana tsaka da jayayya da jami'arsa kan tilasta wa malamai ritaya a daidai waɗannan shekarun. Littafinsa, Security Engineering, ya fito a 2001, aka sabunta shi a 2008 da 2020, kuma shi da kansa ya sa shi a intanet kyauta. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta, ku neme shi, ku fara da babin banki.