Zuwa Kutawa duba allo mai ƙiftawa

Ɗan ƙanwata yana da ɗan shago a Kutawa, cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, inda yake haɗa bidiyon biki da na saukar karatu, yana wanke hoton fasfo, yana buga wa mutane takardu. Da ya kira ni ya ce allon kwamfutarsa ya kama ƙiftawa, sai na ba shi amsar da kowane mai gyara yake bayarwa ta waya: ya matse wayar allon, ya kashe ya kunna. Ya ce duk ya yi. "Kawu, har allon wani na aro na jona, shi ma ƙiftawar yake. Ga aikin mutane a hannuna, sun fara aiko yara." Jin haka na san ba a allon ciwon yake ba, kuma ba gyaran da za a yi ta waya ba ne.

Na bar Katsina da hantsi, lokacin hunturu, a ƙaramar motar haya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Muka bi hanyar Dutsin-Ma, muka wuce Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, muka nufi Kurfi. Hazo ya rufe gonaki, an gama girbi, sai karan dawa a tattare da shanu suna kiwo a ciki. Hirar motar ba ta wuce biyu ba, farashin masara da maganar tsaro, kuma kowa ya yarda cewa mai hankali da rana yake gama tafiyarsa a wannan yanki. A jakata akwai sukundireba, buroshi, wayar HDMI, da filashi cike da manhajoji. Ɗaukar filashin nan ɗabi'a ce da ta zauna mana tun watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Tun daga nan ba na dogara da cewa zan sauke wani abu daga intanet idan na isa ƙauye.

Dutsin-Ma ta cika ta batse tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Shagunan buga takardu da na gyaran waya sun jeru, kuma daga nan ne samarin ƙauyukan kewaye suke koyo sana'ar su koma da ita gida. Na sayi tumatir da albasa na masu noman rani don ƙanwata, na hau acaɓa zuwa Kutawa.

Sai da na gaisa da mutanen gida, na sha fura, aka yi azahar, sannan aka bar ni na ga majinyaciyar. Babbar kwamfuta ce ta tebur, 'yar gwanjo, da allo biyu a gabanta. Na ce ya tayar da janareta ya yi aikinsa yadda ya saba, ni kuma na ja kujera na zuba ido. Wannan zaman kallon shi ne rabin gyara, amma masu kwamfuta ba sa son sa, sun fi so su ga an kwance sukurori.

Ba a jima ba na ga cewa abin da yake kira ƙiftawa iri biyu ne. A allon hagu wasu siraran layuka ne suke tafiya daga ƙasa zuwa sama ba tsayawa. Iri na biyun kuwa sai ya buɗe manhajar haɗa bidiyo ya fara aiki mai nauyi: alluna biyun su yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, su dawo, wani sa'in da saƙo a gefe cewa direban hoto ya daina amsawa an farfaɗo da shi. Windows tana jiran katin hoto daƙiƙa 2 ne. Idan bai amsa ba sai ta tayar da shi daga farko, wannan baƙin da ake gani shi ne tayarwar.

Na leƙa baya. Kati biyu ne a ciki, ɗaya na NVIDIA, ɗaya na AMD, kowane allo a jone da nasa.

"Wa ya ce ka ƙara na biyu?"

"Kawu, a Kano aka ce mini in na sa biyu gudun zai ninka."

Maganar tana da asali, sai dai an yi mata ƙari. A 2004 NVIDIA ta fito da tsarin SLI, a 2005 ATI, wadda AMD ta saye daga baya, ta fito da CrossFire, duka don kati biyu su raba aikin hoto ɗaya. Amma sharaɗin shi ne katunan su zama 'yan gida ɗaya, a SLI ma iri ɗaya sak, galibi da 'yar gada da ke haɗa su, kuma manhajar da ake aiki da ita ta san da zaman tsarin. Ko a wurin masu wasannin kwamfuta da aka yi abin dominsu bai daɗe yana tashe ba, har NVIDIA ta daina fitar da sababbin saitunansa daga Janairun 2021. Kati na NVIDIA da na AMD kuwa ba sa raba aiki ta wannan hanyar ko kaɗan. Kamar kishiyoyi ne da aka ba murhu ɗaya, kowace da nata tsarin girkin.

Duk da haka ban yanke hukunci nan take ba, domin akwai kwamfutocin da ke ɗauke da kati biyu mabambanta suna zaune lafiya. Na fara da layukan allon hagu. Na shiga BIOS, inda babu direban Windows da ke aiki, layukan suna nan. Ke nan ba manhaja ba ce. Allon yana jone ne da wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, fasahar da IBM ta fitar tun 1987. Saƙon da take ɗauka ba na dijital ba ne, don haka duk wata hayaniyar lantarki da ke kusa tana iya shiga cikin hoton. Tasa kuma siririya ce, doguwa, an naɗe ta tare da wayar wutar janareta a bayan tebur, soket ɗin ma babu layin ƙasa. Na raba wayoyin, layukan suka ragu. Na cire VGA na sa HDMI, suka ɓace.

Baƙin da allunan suke yi shi ya fi cin lokaci. Na kashe komai, na buɗe murfin. Ƙurar hunturu ta yi kauri a fankokin, katunan biyu kuma sun matse juna har na sama ba ya samun iska. Sai na karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutar ciki: wat 300. Ramin da ake soka katin hoto yana ba da wat 75 ne iyaka, wayar ƙari mai baki 6 ta ba da wani 75. Katin NVIDIA ɗin yana buƙatar wannan wayar ƙarin, akwatin kuma ba shi da ita, sai aka yi masa dabara da mahaɗi daga wayar faifan ajiya. A haɗa da katin AMD, da furosesa, da faifai, da fankoki, za a ga lissafin ba ya fita. Idan kwamfutar tana zaune ba aiki, wutar tana isa. Da an fara sarrafa bidiyo katin ya ja da ƙarfi, sai wutar ta yi ƙasa, katin ya sume, Windows ta tashe shi. Ga shi kuma ƙaramin janareta ne, wanda muryarsa take sauyawa da zarar an kunna firinta.

Na zare katin AMD na ajiye a kan tebur. Yaron ya dube shi kamar zai yi kuka, kuɗinsa ne. Na kakkaɓe ƙura, na tayar da Windows a yanayin kariya, na goge direbobin kamfanonin biyu kaf, na sa na NVIDIA shi kaɗai daga filashi. Alluna biyun na jona su a katin guda, na daidaita su duka a kan sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, domin na tarar ɗaya yana kan 75. Muka ɗora bidiyon wani ɗaurin aure mai tsawo, muka bar shi yana sarrafawa har aka kira la'asar. Bai ƙifta ba.

Wani dattijo maƙwabcin shagon, da ya zauna yana kallonmu tun farko, ya ce, "Malam, ashe ragewa aka yi ba ƙari ba?" Na ce, "Ragewa ce, Baba." Ya tambaya ko za a biya ni kuɗin gyara a kan cire abu. Na ce ɗana ne, fura ta biya.

Masu laftof su ma suna gamuwa da irin wannan, domin da yawa kati biyu gare su, na Intel mai tsimin batir da na NVIDIA mai ƙarfi, suna karɓa-karɓa ta tsarin Optimus da ya fito a 2010. A can ba a zare kati, sai dai a sabunta direbobin biyu daga wurin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, a kuma zaɓa wa kowace manhaja katin da za ta riƙa amfani da shi.

Ƙanwata ta hana ni kama hanya da yamma, na kwana, da safe acaɓa ya mayar da ni tashar Dutsin-Ma. Na bar wa yaron wayar HDMI ɗin, na ce ya sayar da katin AMD, ya cika kuɗi ya sayi akwatin wuta mai wat 500 na kirki da sitabilaiza, domin mahaɗin dabarar nan yana nan, kuma zafin bazara yana tafe. Duk mai shagon da aka yi wa tallar kati na biyu, ya fara buɗe murfi ya karanta adadin wat ɗin da ke jikin akwatin wutarsa kafin ya ciro kuɗi.