Wa Ke Magana?

 Ya ku 'yan makaranta, ina so in ba ku labarin wani abin kunya da na aikata ina yaro. Na daɗe ina ɓoye shi, amma na ga irin cutar da ta kama ni a lokacin nan har yanzu tana kama yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, masu kaifin ma ta fi so.

A makarantar mishan da na yi karatu, ko wace Lahadi da yamma a kan tara mu a ɗakin sujada a yi gasar haddar ayoyi. Malam ya kira littafi da sura da aya, wanda ya riga miƙewa ya kawo ta daidai ya sami maki. Ni kuwa Allah ya ba ni kai mai kama abu kamar ƙaya. Kafin in gama aji huɗu na haddace ayoyi masu yawan gaske, daga Zabura, da Karin Magana, da wasiƙun Bulus, har da na littattafan da yara ba su cika buɗewa ba. Sau biyu ina cin kyauta. Sai girman kai ya shige ni, na ɗauka duk makarantar babu wanda ya san Littafi Mai Tsarki kamata, in ban da Malam, shi ma ɗin ina tantama. Ashe ayoyin nan na tara su ne kamar yadda yaro ke tara tsakuwa a aljihu, bai san daga wane dutse aka farfaso su ba, amfaninsu wurinsa jifa kaɗai.

Akwai wani yaro a ajinmu, ba zan faɗi sunansa ba, gadonsa na kusa da nawa a ɗakin kwana. A shekarar da na ke ba ku labari, da hunturu gobara ta tashi a gidansu ta cinye rumbuna ƙurmus, ko dami ɗaya ba a fitar ba. Da bazara ta shigo kuma sanƙarau ya ɗauke ƙanwarsa. Ya dawo daga hutu ya rame, ba ya wasa, ba ya dariya. Ran nan da asuba muka yi cacar baki a bakin rijiya a kan wanda zai fara jefa guga. Cikin fushi ya ce mini aku, mai maimaita abin da bai sani ba. Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa na laluba aljihun nan nawa na zaro tsakuwar da ta fi kaifi. Na karanta masa ayoyi biyu da ka, waɗanda ma'anarsu ita ce ba a taɓa ganin marar laifi ya hallaka ba, masifa kuwa wanda ya shuka ta shi ke girbe ta. Na ce masa ya je ya tambayi mutanen gidansu abin da suka shuka.

Wurin ya yi tsit. Bai zage ni ba, bai kai mini hannu ba. Sai ya tambaye ni, “A ina aka rubuta haka?” Na ce, “Ayuba, sura 4, aya 7 da 8.” Ya ajiye gugan ya tafi ɗaki ya buɗe littafinsa. Abin da ya fi muni duka shi ne ya same su a wurin, baƙi a kan fari, kamar yadda na faɗa. Da ƙarya na yi masa, da ya kama ni, maganar ta wuce. Amma ga littafin da aka koya masa ya girmama, ga lambar sura, ga lambar aya. Ya gaskata Allah da kansa ne ya yanke wa gidansu hukunci. Kwana uku bai ci abincin kirki ba, rana ta huɗu aka same shi yana ɗaure kayansa zai gudu gida. Magana zarar bunu ce, na zara, na rasa yadda zan mayar.

Malaminmu na addini tsoho ne, ba ya son ɗaga murya. Ya aika aka kira mu mu biyu bayan cin abincin dare. Na tafi ina tsammanin bulala, har na sa wando biyu. Na iske shi zaune a ƙofar ɗakinsa da fitilar ƙwai, ya shimfiɗa mana tabarma. Ya ce, “Ɗana, an ce kai ne gwanin littafin Ayuba.” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Ayoyin nan biyu da ka kawo, wa ke magana a cikinsu?” Na ce, “Malam, maganar Allah ce.” Ya ce, “Ban tambaye ka littafin wane ne ba. Bakin wa suka fito?” Na yi shiru, gama ban sani ba. Ban taɓa karanta ko ayar farko ta surar ba. Ya ce, “To, hukuncinka ke nan. Littafin sura 42 ne. Za ka karanta mana shi da ƙarfi, sura uku ko wane dare, ɗan'uwanka yana ji, har mu kai ƙarshe.”

Haka muka yi mako biyu cif. Tun daren fari na fara jin ƙasa tana zamewa ƙarƙashina. Surorin farko sun nuna Allah da kansa yana shaidar Ayuba a kan mutumin kirki ne, marar aibi, sa'an nan masifa ta auko masa, dukiya ta tafi, 'ya'ya goma suka mutu rana ɗaya, daga bisani jikinsa ya cika da miyaku. Watau mai karatu ya san tun da wuri ba domin zunubi ba ne, amma mutanen da ke cikin labarin ba su sani ba. Abokansa uku suka zo jaje, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Malam ya ce a ganinsa wannan ne mafi kyaun abin da suka yi a littafin duka. Dare na biyu na buɗe sura 4, ayar farko ta gaya mini mai magana: Elifaz ne, mutumin Teman. Ayoyin da na jefi ɗan'uwana da su, ashe zancen mutumin da ya zo jaje ne ya ɓuge da tuhuma.

Daga nan duk inda magana ta sake baki sai Malam ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya. Wa ke magana? Da wa ya ke yi? Me aka ce masa kafin ya ba da wannan amsa?” Tun ina jin haushin tambayoyin har na soma yi wa kaina su kafin ya yi. Na lura kuma zancen abokan nan yana da daɗin ji ƙwarai, a tsare ya ke, cike da ambaton girman Allah, shi ya sa ya ke da sauƙin hadda. Zancen Ayuba kuwa kuka ne da gardama, wani wurin har tsoron karanta shi na ke yi. Wanda ya tsinci aya ɗaya ɗaya lalle zai ce abokan ne salihai, Ayuba ne mai saɓo.

A nan bari in ɗan ajiye labarin in gaya muku abin da na koya bayan na girma, domin shi ya bayyana mini yadda aka yi na faɗa wannan rami. Lambobin sura da aya da mu ke gasa da su ba marubutan littattafan suka sa su ba. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, da ɗan Aramiyanci a cikin Daniyel da Ezra, Sabon Alkawari kuwa da harshen Girka. Akwai wani tsohon kundi da a ke kira Sinaiticus, wanda aka rubuta da hannu a ƙarni na 4, aka daɗe ana ajiye da shi a gidan sufaye na Dutsen Sina'i, har Ingila ta saye shi daga gwamnatin Rasha a 1933 a kan fam 100,000. Wanda ya dubi hotonsa zai ga manyan baƙaƙe a jere, ko tazara tsakanin kalma da kalma babu, balle lambar aya irin tamu. Rabon surori da mu ke bi ana danganta shi ga Stephen Langton, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1228. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ne Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a bugunsa na 1551. Da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wannan rabon suka bi, suka kira shi da kalmomin da Hausawa suka riga suka sani, sura da aya.

Ban raina aikin mutanen nan ba, gama ba domin su ba da neman wuri a littafin ya zama neman allura cikin ruwa. Amma aikin hannun mutum ne, wani wurin wuƙarsu ta yanka inda babu gaɓa. Ku buɗe littafin Farawa ku gani da idonku: sura ta 1 ta ƙare da rana ta shida, rana ta bakwai kuwa, wadda ita ce cikar labarin, sai a farkon sura ta 2. Lamba tana sa ko wace aya ta yi kama da abu mai zaman kansa, alhali rabin zance ce, wata ma rabin jimla.

Ku 'yan makarantun gwamnati da yawanku Musulmi ne, kun san Annabi Ayuba da haƙurinsa, kun kuma san wannan magana tawa ba baƙuwa ba ce a gidajenku. Yaro ya kan sauke Alƙur'ani, amma ba a ba shi buzu ya zauna tafsiri da azumi sai ya yi shekaru gaban malamai, ya san nahawu, ya san dalilin saukar aya. Hadda daban, fahimta daban. A cikin Linjila ma, a Matiyu sura 4, an nuna Shaiɗan da kansa yana jawo ayoyi daga Zabura ta 91 domin ya jarabci Yesu ya faɗo daga kan Haikali. Ashe iya kawo aya da lambarta ba shaidar kirki ba ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na ɗaura wa kaina, na ɗaura wa wani.

To, mu koma kan tabarma. Dare na goma sha huɗu muka kai sura 42. A aya ta 7 Allah ya juya ga Elifaz, ya kira shi shi kansa, ya sanar da shi fushinsa a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi daidai game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi. Ya umarce su su kai bijimai bakwai da raguna bakwai hadaya, Ayuban nan da suka tuhuma shi zai yi musu addu'a. Da na zo wurin murya ta ƙi fita. Malam ya ce in maimaita ayar, na maimaita. Ya dubi ɗan'uwana ya ce, “Ka ji hukuncin da littafin ya yanke wa maganar da aka jefe ka da ita?” Ya ce, “Na ji, Malam.” Ni kuwa ba wanda ya ce in roƙi gafara, na roƙa.

Ina tsammani an gama, sai yaron nan ya ce yana da tambaya. Ya ce ƙarshen labarin bai gamshe shi ba. An mayar wa Ayuba dukiya, an ba shi waɗansu 'ya'ya, amma sababbin 'ya'ya ai ba su ne waɗanda suka mutu ba, ko an haifa wa uwarsa mata goma ba za su zama ƙanwarsa ba. Ni da na ke gwanin hadda ban taɓa yin tambaya mai nauyin wannan ba.

Malam ya daɗe bai amsa ba. Sa'an nan ya sa ni in koma sura ta 1 in ƙidaya, in zo sura 42 in ƙidaya. Tumaki 7,000 sun zama 14,000. Raƙuma 3,000 sun zama 6,000. Shanun noma da jakuna su ma an ninka. 'Ya'ya kuwa, maza bakwai mata uku da fari, maza bakwai mata uku a ƙarshe. Ya ce, “Waɗansu malaman dā sun ce ba a ninka 'ya'yan ba domin na farkon ba su ɓace ba kamar yadda dabbobi suka ɓace, suna wurin Allah, in aka haɗa goma da goma an ninka ke nan. Amma ku ji da kyau, 'ya'yana. Lissafin nan a rubuce ya ke, kun gani. Dalilin kuwa ba a rubuce ya ke ba, fahimtar mutane ce. Ni ina jin daɗinta, ina kuma sa rai haka ne, amma ba zan ba ku ita da lambar sura da aya ba.”

Yaron ya karɓi littafin daga hannuna, ya matsa kusa da fitila, ya sake ƙidayawa da yatsa, goma a can, goma a nan. Ya rufe ya miƙa wa Malam. Muka naɗe tabarmar tare. Da gari ya waye na riga shi zuwa rijiya, na tsaya da gugan a hannu har ya iso.