Shekarar Da Citta Ta Ruɓe A Ƙauyenmu

Muna rubuto wannan daga wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, ba nisa da Kwoi. Shekararmu 19 ke nan muna koyarwa a makarantar firamare ta ekklesiya a nan. Muna so mu ba ku labarin abin da ya same mu a daminar 1 ga shekarun wahala, wato ta 2023, da abin da ya biyo baya, ko wani ƙauye ya amfana da kuskurenmu.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane matsayin citta a wurinmu ba. Tun zamanin Turawa ake nomanta don sayarwa a ƙasashen Jaba da Kachia da Kagarko, kuma mafi yawan cittar da Nijeriya take fitarwa waje daga wannan yanki take fitowa. Iri biyu muka sani, tafin giwa da yatsun biri. Akan shuka ta da ruwan fari, wajen Afrilu ko Mayu. Ba ta da ƙwayar iri kamar dawa. Cittar bara ake ɓaɓɓallewa a binne, sa'an nan a lulluɓe gonar da ganye da ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Daga Oktoba zuwa Disamba a tone ta, mata da yara su zauna su tsattsaga, a shanya a kan duwatsu, iskar hunturu ta busar da ita, a ɗura a buhu. Dawa da masara da acca da gwaza na ciki ne. Amma kwanon rufi, da kuɗin asibiti, da sadakin aure, da kuɗin makaranta, duka daga buhun citta suke fitowa. Uba yakan zo ofishin makaranta ya ce, "Malam, a yi mini haƙuri sai citta ta bushe." Mu kuwa mukan rubuta sunansa ba tare da shakka ba, gama mun san zai biya.

Shekarar 2023 ta fara mana da wuya. A watannin farko an yi ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, har a kasuwarmu mata suka koma musanyar mudun acca da manja. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kuɗin mota zuwa Kafanchan ya tashi, taki ma haka. Sai kowa ya zuba ƙarfinsa a gonar citta, yana cewa ita za ta fid da shi. Waɗansu sun ci bashi, waɗansu sun sayar da awaki suka ƙara iri. Mu ma mun zuba ɗan abin da muka tara daga albashi.

A ƙauye irin namu labari yana da hanyoyinsa. Akwai mai shela na gidan dagaci, wanda yakan zaga da yamma. Akwai sanarwa bayan sujada ran Lahadi. Akwai bakin rijiya, da gindin mangwaro inda dattawa suke zama, yanzu kuma ga wayar hannu. In akuya ta ɓata da safe, kafin azahar kowa ya ji. Amma labarin da ya fi kowane muhimmanci a shekarar nan bai bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba, domin waɗanda suka fara gani sun yi shiru.

Wajen ƙarshen Yuli muka ga ganyen citta a kusurwar gonarmu yana yin rawaya. Muka ce ƙarancin taki ne. Bayan mako guda karan ya fara kwantawa. Da muka tona, cittar ta yi laushi, tana ruwa, tana wari. Me muka yi? Muka tuge waɗanda suka lalace, muka jefa su a kwarin da yake bayan gonar, muka koma gida ba mu faɗa wa kowa ba. Kunya ce ta hana mu. Malamin makaranta, mai takardar difloma, wanda mutane suke kawo wa wasiƙa ya karanta musu, a ce gonarsa ce ta fara ruɓewa? Daga baya muka ji cewa gidaje huɗu sun yi daidai yadda muka yi a cikin makon nan, kowa yana tsammani shi kaɗai abin ya sama. Ruwan kwarin nan kuwa yana gangarawa ta cikin gonakin mutane da yawa.

Ba mu ce mu muka kawo cutar ba, gama ta game dukan ƙasar, daga Kachia har Kagarko, har ta taɓa jihohin maƙwabta. Amma har yau in mun tuna da kwarin nan, zuciyarmu ba ta kwanciya.

Kafin Agusta ya ƙare babu sauran ɓoyo. In ka tsaya a kan tudu ka duba, gonakin da ya kamata su yi kore shar sun zama kamar an bi su da wuta. Sai maganganu suka tashi. Waɗansu suka ce takin bana ne. Waɗansu suka ce jifa ne. Gidaje biyu da suke da tsohuwar gardama a kan iyakar gona suka fara nuna wa juna yatsa, domin gonar ɗaya ta riga ta ɗayan mutuwa da kwana goma. Matan gidajen nan suka daina gaisawa a bakin rijiya. Ran Lahadi, ɗaya ya zauna a wannan gefe na majami'a, ɗayan a wancan.

Dagaci ne ya aika aka kira malamin gona. Aka taru a filin makaranta, muka fito da bencinan aji. Malamin gona ya ɗauki citta ruɓaɓɓiya a hannunsa ya bayyana mana cewa ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, wadda ido ba ya gani. Tana zama cikin ƙasa, tana son laima da wurin da ruwa yake kwanciya. Tana bin ruwan sama daga gona zuwa gona, tana bin ƙasar da ta manne wa fartanya da ƙafa, tana kuma bin irin da aka ajiye daga gonar da ta kamu. Tun da yake citta daga jikin citta ake shuka ta, iri mai cuta yakan haifi gona mai cuta. Ya ce kada a zubar da ruɓaɓɓiya a kwari ko a hanya, a haƙa rami a ƙone ta. Ya ce gonar da ta kamu a huta mata da citta na waɗansu shekaru, a shuka hatsi a ciki.

Da ya kai maganar kwari, sai muka ji kamar da mu yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka miƙe a gaban iyayen yaran da muke koyarwa, muka faɗi abin da muka yi da ranar da muka yi shi. Wurin ya yi tsit. Can sai wani dattijo ya ce, "Malam, zauna. Ni ma a nan na zuba tawa." Wani kuma ya miƙe, sa'an nan wani. Maganar jifa a nan ta mutu. Gidajen nan biyu ba su shirya a ranar ba, amma kafin Kirsimeti an ga matansu suna tsaga rogo a tabarma ɗaya.

A watan Satumba aka buɗe makaranta. A nan ne muka ga girman abin. Ajinmu na shida yana da yara 34 a rajista, amma a mako na biyu 21 ne suke amsa suna. Dokar makaranta kuwa a fili take: yaron da bai biya ba har mako huɗu, a mai da shi gida. Daga kuɗin nan ake biyan malamai. Mu da kanmu muna da 'ya'ya uku, babbar tana sakandare, gonarmu kuma ba ta ba mu ko kwando ɗaya ba. Kada masu karatu su ɗauka mu malamai tsarkaka ne. A taronmu na farko yawancinmu cewa muka yi a bi doka.

Akwai wata yarinya a ajinmu, ita take zuwa ta ɗaya a lissafi tun daga aji uku. Ubanta ya rasu, uwarta ce take noma. Da ta yi mako biyu ba ta zo ba, muka je gidan da yamma. Muka tarar da uwar tana ɗaura mata kaya a tsumma. Wata mace ta zo daga Abuja tana neman yarinyar aiki, ta yi alkawari za ta sa ta makaranta a can.

Muka ce, "Mama, kin san gidan da za a kai ta?"

Ta ce, "Ban sani ba, Malam. Amma na san abin da yake cikin rumbuna. Kana so in zuba mata ido tana kallon 'yan'uwanta suna wucewa da allo?"

Ba mu da amsa. Muka roƙe ta ta ba mu kwana bakwai. Abuja ba ta da nisa da mu, kuma kowa a nan ya san yaran da suka tafi da irin wannan alkawari suka dawo bayan shekaru ba su iya rubuta sunansu ba.

Ran Asabar aka yi taron iyaye da malamai da dattawan ekklesiya, dagaci ma ya zo. An daɗe ana magana. Ma'ajin makaranta ya karanta abin da yake cikin akwati, bai kai albashin wata biyu ba. Sai shugabar zumuntar mata ta miƙe ta ce, "Kuɗi ne ba mu da shi, ba hannu ba. Masara ta yi, dawa tana tafe. Malamai ba takarda suke ci ba." A kan maganarta aka tsai da abu uku. Na ɗaya, a shekarar nan ba za a kori yaro ko ɗaya ba. Na biyu, wanda ba shi da kuɗi ya kawo hatsi, a auna da mudu bisa farashin kasuwar mako, a rubuta masa rasit. Na uku, dagaci ya ba da fili a bayan makaranta, za a nome shi da gayya kowace damina, amfanin ya zama na marayu da 'ya'yan gwauraye. Mu malamai kuma muka yarda mu karɓi rabin albashi kuɗi, rabi hatsi. Ba da murna muka yarda ba. Malami ɗaya ya ajiye aiki ya tafi Kaduna, ba mu kuwa ga laifinsa ba.

Ofishin hedimasta ya zama rumbu. Yaran aji shida suka koyi lissafin mudu da tiya da buhu fiye da yadda littafi zai koya musu, gama su suke awo su rubuta. Yarinyar nan ita ta riƙe littafin.

Akwai waɗanda ya kamata a ambata, ko da ba da suna ba. Wani Alhaji, ɗan kasuwa da ya shekara da shekaru yana sayen citta a wurinmu, ya riga ya ba mutane da yawa kuɗi tun da bazara a kan za su biya da citta. Mutane suna ganin motarsa suna shigewa ɗaki. Ya je wurin dagaci ya ce a gaya musu su fito, shi ma ya ga gonakin da idonsa, zai jira. Akwai kuma wani tsoho mai gona a kan tudu, nesa da ta kowa, inda ruwa ba ya kwanciya. Tasa ba ta kamu ba. Da rani irin citta ya yi tsadar da ba mu taɓa ji ba, masu saye suna zuwa har ƙofar gidansa. 'Ya'yansa suka ce a sayar duka. Ya sayar da rabi, ya raba sauran wa gidaje tara bashi, kwando a mai da kwando, da sharaɗi ɗaya: sai a sabuwar ƙasa za a shuka. Da muka je yi masa godiya ya ce, "Ɗana, in ni kaɗai nake da citta a garin nan, wace mota za ta shigo saboda buhu biyar?"

A shekarar 2024 mun ji a rediyo Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar taimakon naira biliyan 1.6 ga manoman citta. A ƙauyenmu dai yawancin mutane ba su shuka ta a daminar nan ba, gama babu iri, ga kuma tsoro. Aka koma ga masara da waken soya da gyaɗa da gangamau. Daga cikin gidaje taran nan, shida sun sami amfani, uku sun sāke yin hasara. Tsohon bai tambayi ukun nan kome ba.

Ba za mu ce mun warke ba. Akwai samarin da suka tafi birni yin acaɓa ba su dawo ba. Akwai ɗakunan da aka gina ba a rufa ba har yanzu. Daga cikin yara 13 da suka daina zuwa ajinmu, 11 sun dawo, biyu kuwa ba mu same su ba, sunayensu suna nan a tsohuwar rajista. Yarinyar nan ta ci jarrabawa, tana sakandare, gonar gayya ce take biya mata.

Amma abu ɗaya ya sāke. Yanzu cikin sanarwar ran Lahadi, bayan an faɗi haihuwa da rashin lafiya da ranar aure, sarkin noma yakan miƙe ya tambaya ko akwai wanda ya ga baƙon abu a gonarsa ko a garkensa. Mai shela kuma yakan kai maganar ga sauran unguwanni, domin cuta ba ta tambayar inda mutum yake sujada. Da farko mutane suna jin nauyi. Yanzu har yara sukan kawo ganye a makaranta su ce, "Malam, duba wannan." Da haka aka tari tsutsar masara da wuri a damina ta gaba.

'Yan'uwa, a garinku wataƙila ba citta ba ce. Ko albasa ce, ko barkono, ko kaji. Muna roƙonku abu biyu. Kada ku ɗora kuɗin makarantar 'ya'yanku duka a kan amfanin gona iri ɗaya. In kuwa kun ga ganye ya yi rawaya a kusurwar gonarku, ku faɗa tun a ranar, ko da ku ne malaman gari. Ku tuna da mu cikin addu'a, musamman yaran nan biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka.