Lissafin ziyarar Inna a Yamai

A unguwar Banifandu akwai wani ma'aikacin gwamnati wanda ya shekara 19 a Yamai, amma mahaifiyarsa ba ta taɓa taka birnin ba sai bana, da ciwon ido ya kawo ta daga wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Da likita ya sallame ta, saura kwana biyu ta koma, sai ya ga bai kamata tsohuwa ta tafi ba abin da ta gani sai bangon asibiti. Ga shi kuwa ranar 23 ga wata ce, lokacin da buhun shinkafa ya kusa kwantawa, albashi kuma bai ko ɗaura niyyar fitowa ba.

Bayan sallar lisha ya ɗauki biro da littafin lakwal na ɗansa, ya jera wurare bakwai: gidan tarihi na ƙasa, gadar Kennedy, babban masallaci, Babbar Kasuwa, kasuwar Katako, gidan masu sana'ar hannu na Wadata, da filin kokawa. Raƙuman dawa na Kure ya rubuta su ya soke, don kilomita wajen 60 ne, kuma tun harin watan Agusta na 2020 hankalinsa bai kwanta da hanyar ba.

Wani ɗan wansa da ke karatu a Faransa ya taɓa ba shi labarin katin da ake sayarwa a birnin Paris, na kwana 2, ko 4, ko 6, wanda ke buɗe wa mai shi ƙofar gidajen tarihi fiye da 50. Duk ɗan kasuwa ya san wannan dabara, sari ne: mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, mai saye kuma ba ya cin riba sai in ya kwashe kayan duka. A Yamai ba a saba da irin wannan kati ba, don galibin wuraren ma ba su da ƙofar biya. Abin da ke cin kuɗi shi ne mota, kuma a nan sarin ya same shi.

Maƙwabcinsa mai taksi ya ce jikka 12 wuni guda, aka daidaita a jikka 10. Su huɗu ne, da shi da tsohuwa da jikoki biyu, sun cika mota ke nan. In za su riƙa tsayar da taksi bakin titi, ya ƙiyasta jikka guda kowane zango, zango takwas jikka 8. Ya daɗe yana duban jikka biyun da ke tsakani, sa'an nan ya tuna da idon da aka yi wa aiki, da rana, da ƙurar Katako, ya biya.

Suka fara da gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama. A littafin an ba shi awa ɗaya. Yara suka ruga wajen zakuna da dorina. Tsohuwa ta dubi ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a Gadufawa, ta yi salati ta wuce, sai ga ta gaban wani busasshen icce da aka killace. Ɗanta ya karanta mata bayani: iccen Tenere ne, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada kusa da rijiya, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973, aka ɗauko shi zuwa nan.

Ta nemi wuri ta zauna. Ashe marigayi mijinta, wanda ya yi shekaru yana sayen kantu hannun Buzaye, ya sha ba ta labarin iccen, ita kuwa ta ɗauka hirar fatake ce. Ta shiga ba jikoki labarin kakansu, wanda ba su tarar ba: yadda yake ƙwanƙwasa kantu ya san mai kyau, da shekarar farin da ayari ya iso da raƙuma ramammu. Shi kansa ɗan bai taɓa jin rabin wannan ba.

«Inna, akwai sauran wurare shida,» in ji shi, da azahar ta gabato.

«Kai dai bari in huta. Su wuraren gudu za su yi?»

Mai taksi ya yi barcinsa a inuwar bedi. Sai bayan la'asar suka hau gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsohuwa ta ce a tafi sannu-sannu, don ba ta taɓa ganin ruwa mai faɗin kogin Isa ba. Suka ƙetare zuwa Harobanda suka juyo, ta ce a kai ta gida kafin magariba.

Da dare ya sake buɗe littafin. Zango uku suka yi, na jikka 3 ko 4, ya biya 10. Matarsa ta leƙo ta ce shinkafa ba za ta kai ranar Jumma'a ba. Daga ɗaki kuwa ana jin muryar ƙaramin jikan yana tambayar kakarsa ko raƙumi nawa ne a ayarin.