Ka Bar Girkawa Su Yi Magana da Bakinsu

Ɗana, tunda ka ɗaura niyyar rubuta labari a kan Girkawan dauri, zauna ka ji abin da na daɗe ina gani a rubutun sa'o'inka. Sai ku ɗauko mutumin yau ku yafa masa mayafin Atina, ku cusa masa tunanin jami'a. Ga jarumi yana la'antar bauta, yana yi wa gumakan garinsu dariya. Alhali bayi ne ke haƙo azurfar Lauriyon, wadda da ita aka ƙera jiragen ruwan da suka karya Farisawa a Salamis, shekara 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba-Atine mai gida bai ga aibu a nan ba, kuma idan ka sa ya gani, ka yi masa ƙarya.

Nemi littafin Mary Renault, The King Must Die, na 1958. Ta ɗauki tatsuniyar jarumi Tisiyos ta mai da ita abin da hankali zai ɗauka. Dodon tatsuniyar mai kan sa ya zama ɗan sarauta sanye da fuskar bijimi, gidan da ake ɓacewa a cikinsa kuwa fadar Kinosos ce. Amma duba inda ta kame hannunta. Tisiyos yakan ji girgizar ƙasa a jikinsa tun kafin ta zo, ya kuma sakankance cewa abin bautarsa Posaidon ne ke yi masa gargaɗi. Ba ta tsoma baki ta gyara masa ba. Kai Musulmi ne, ka san wannan bautar ɓata ce, to ba da labarin imanin mutum ba yarda da shi ba ne.

Sai maganar wanda zai ba da labarin. Masu wannan sana'a sukan guji bakin sarki, su zaɓi na gefe. A wani littafin Mary Renault, The Persian Boy na 1972, bawa ɗan Farisa, Bagowas, shi ke nuna mana sarki Iskandar, domin mai shimfiɗa wa sarki gado ya san daren da bai yi barci ba.

Hirar mutanenka kuwa ƙaga ta za ka yi. Ko masanin tarihi Tusididis ya faɗa cewa jawaban da ke cikin tarihinsa ya gina su ne bisa abin da ya dace a faɗa a wurin. Amma ranar yaƙi da sunan wanda ya faɗi a fagen daga, kada ka taɓa su. Ka koma ga tarihin Hirodotus ka karanta shi tun daga farko kafin ka ɗora alƙalami a takarda.