Ciki Ma Baƙo Ne

Mutum in zai tafi karatu wata ƙasa, ya kan shirya fasfo da tufafi da littattafai, amma ba safai ya kan tuna da cikinsa ba. Alhali kuwa ciki shi ke fara sanin an bar gida. Ni na zauna Alƙahira, babban birnin Masar, shekara uku ina karatun Larabci. Ga abin da na gano, ko ya amfani 'yan'uwa malamai masu niyyar fita.

Ɓacin ciki a baƙunci iri biyu ne. Na fari na rashin sabo ne. Karin kumallon Misirawa ful ne, watau wani babban wake da a ke kwana ana dafawa, a ci da gurasa. Wanda ya tashi da kunu da ɗumame, in ya dinga cin ful kullum, sai ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi. Wannan ba ciwo ba ne. Na fara da kaɗan, ina ƙarawa, bayan 'yan makonni ciki ya lafa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu shi ne mugun, watau ƙwayoyin cuta da ke shiga ta ruwa da ɗanyen abinci. Ruwan da ban amince da shi ba, sai ya yi minti 1 yana tafasa kafin in sha. Shayi ba na tsoronsa, gama ya ga wuta. Ruwan rake da a ke matsewa a shaguna na kan sha, amma ban da ƙanƙara, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Lemo kuwa ni ke ɓare abina.

To, gudawa in ta kama mutum, ya sami ruwa mai tsabta lita 1, ya zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa. Amma in da zazzaɓi, ko jini a bayan gida, sai likita. Na ga ɗalibin da ya yi ta cewa ai sabo ne, ashe taifot ne. Yana kwance asibiti jarrabawa ta wuce shi.

Saboda haka a yi wa kumburi haƙuri, amma kada a yi wa zazzaɓi. Allah ya ba mu lafiya, amin.